Cajin Awa Takwas: Tsohuwar Shawarar Da Ke Cin Kuɗin Masu Kwamfuta A Keffi

KEFFI: Duk wanda ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, ko kuwa ya sauya wa tsohuwarsa batir, sau da yawa ba ya barin bakin shago sai an yi masa gargaɗi: kada ya kuskura ya kunna ta sai ya bar ta a jikin wuta na tsawon awa takwas, wasu ma su ce goma sha biyu, sa'an nan ya yi ta aiki da ita har ta mutu don kanta kafin ya sake jona ta. Mai shago yakan faɗi haka da kyakkyawar niyya, mai saye kuma ya karɓa hannu bibbiyu, domin magana ce da kowa ya taso ya ji ana yi.

Sai dai kuma wannan shawara ta wani zamani ce, ta wani irin batir da aka daina sa wa kwamfuta tun da daɗewa. Rabinta na farko ɓarnar lokaci ne da kuɗi, rabinta na biyu kuwa yana rage wa batirin kwana. A garin da mutum ba zai yi rantsuwa a kan samun wutar lantarki ta awa takwas a jere ba, cika wannan sharaɗi na nufin tayar da janareta. Idan aka ƙaddara cewa ƙaramin janareta na shan rabin lita a kowace awa, to awa takwas ta lashe lita huɗu ke nan. A farashin watan Oktoba na 2024, lokacin da lita ta haura naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja, an ƙona sama da naira 4,000 a kan abin da ba ya ƙara wa batir komai.

Keffi, wanda ke da tazarar kimanin kilomita 50 daga Abuja, ya sauya kama tun bayan da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kafuwar Jami'ar Jihar Nasarawa a garin, bisa dokar da aka zartar a 2001 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta jawo dubban ɗalibai da malamai, kana ta haifar da kasuwar masu buga takardu, da masu cike fom a intanet, da masu gyaran na'urori, musamman a unguwannin ɗalibai irin su Unguwar Lambu. Ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga kuma ma'aikatan da ke kwana a Keffi su yi sammako zuwa Abuja ta Masaka da Mararraba. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya kan kwamfuta, hatta iyayen 'yan sakandare sun shiga sahun masu neman na'urar.

Wutar garin na zuwa ne daga kamfanin AEDC, wanda ya karɓi rarraba lantarki a Abuja da jihohin Nasarawa da Kogi da Neja a watan Nuwamba na 2013, lokacin da aka miƙa rassan tsohuwar NEPA ga 'yan kasuwa. A tsarin hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki, an kasa layukan wuta gida biyar. Rukunin A ya cancanci aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Ga wanda layinsa ya faɗa rukunin ƙasa, ko da an cika masa alkawarin da ke takarda, kwamfutarsa za ta shafe mafi yawan yininta a kan batir. Masu ƙera ta sun tsara batirin ne domin ya riƙe mutum daga ofis zuwa gida, ko tsawon tafiya a jirgi. A nan kuwa shi ne ma'ajin wutar mai ita, kuma ba shi da hutu.

Shi wannan ma'aji da dala ake sayo shi. Daga waje ake shigo da shi, akasari daga Sin, ya sauka a Legas, ya bi ta kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja ko Banex Plaza da ke Wuse a Abuja kafin ya iso hannun ƙananan masu shaguna, kowane hannu kuma ya ɗora ribarsa da kuɗin mota. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, dala na kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, tana wajen 750 a kasuwar bayan fage, inda ƙananan 'yan kasuwa ke samun canji. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta zarce naira 1,500. Ma'ana, batirin da ɗan kasuwa ke sayowa a kan dala 20 ya tashi daga naira 15,000 zuwa sama da 30,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Idan aka tuna cewa kuɗin hidima da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara biya a 2024 naira 20,000 ne a wata, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli na shekarar kuma naira 70,000, za a gane nauyin da mutuwar batir ke ɗora wa ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci.

Shawarar awa takwas tana da asali. Kwamfutoci da wayoyin hannu na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 suna aiki ne da baturan nikel. Waɗannan kan iso hannun mai saye kusan babu wuta a cikinsu, cajarsu kuma a hankali take ɗura musu, saboda haka cajin farko yakan ci dare guda. Samfurin nikel da kadmiyam na da wata ɗabi'a da masana suka yi wa laƙabi da tunin batir: idan aka saba jona shi kafin ya ƙare, sai ya riƙa nuna gajiya da ya kai wannan matsayi, maganin haka kuma shi ne a bar shi ya ƙare ƙarƙaf lokaci-lokaci. Mutanen da suka fara riƙe wayar salula bayan shigowar GSM Nijeriya a 2001 sun tarar da sauran wannan umarni, domin wayoyi da yawa na lokacin, irin su Nokia 3310, da batirin nikel suke zuwa. Suka haddace, suka koyar da na bayansu.

Amma tun a 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai karɓar caji, wanda ya samo asali daga binciken Stanley Whittingham da John Goodenough da Akira Yoshino, mutum ukun da aka bai wa lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Shi ne ke cikin kusan kowace kwamfutar tafi-da-gidanka da ake sayarwa a yau, kuma ba shi da wancan tuni. A cikinsa akwai wani ɗan allon lantarki da ke aikin mai gadi. Da zarar ƙwayoyin batirin sun kai iyakarsu, wadda galibi bolt 4.2 ce ga kowace ƙwaya, sai a datse musu wuta. Batirin da ya cika cikin awa biyu ko uku, sauran awa biyar ɗin zaman banza yake yi. Shi ya sa kuma barin kwamfuta a jone ba ya sa wuta ta yi wa batirin yawa, kamar yadda wasu ke tsoro.

Zuwan sabon batir da wuta kaɗan a cikinsa shi ma ba alamar lahani ba ce. Da gangan ake aiko shi haka, domin ya fi daɗewa a ajiye idan bai cika ba, kuma tun daga 1 ga Afrilu, 2016 ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar baturan litiyam da ba a cikin na'ura suke ba idan cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka abin da ake buƙata a ranar farko bai taka kara ya karya ba: a jona kwamfutar da cajarta ta asali, a bar ta ta cika, ana iya aiki da ita a lokacin. Idan alƙaluman cajin suna tsalle, wato ta nuna kashi 40 sai kuma ta faɗo 10 nan take, cikawa ɗaya da saukewa ɗaya zuwa ƙasa sosai na taimaka wa ma'aunin ya daidaita. Wannan gyaran ma'auni ne kawai, ba ya ƙara wa batirin ƙarfi, kuma ba abin yi kullum ba ne.

Aikin da ya cancanci a ɓata wa lokaci a ranar farko shi ne bincike, musamman da yake kaso mai tsoka na kwamfutocin da ke hannun jama'a na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar a shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Kwamfutar da ta yi shekara huɗu a wani ofishi a Ingila tana iya isowa fes, babu ko ƙwarzane, alhali batirinta ya ci rabin kwanansa.

Akwai hanyar gano haka ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. A kwamfutar da ke aiki da Windows, tun daga samfuri na 8, ana buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, sai ta fitar da rahoto. Layuka biyu ne abin dubawa: wanda aka rubuta wa Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na farko 50,000 ne na biyu kuma 30,000, to kashi 60 cikin ɗari ya rage, kuma farashi ya kamata ya nuna haka. Kwamfutocin Apple na nuna yawan zagayen cajin da batir ya yi a sashen bayanan na'ura. Sai dai shi ma rahoton ba hujja ce yankakkiya ba, domin akwai na'urorin da ake share lissafin allon batir da su ya koma tamkar sabo. Gwajin da ba a iya yi wa dabara shi ne na agogo: a cika batirin, a zare caja, a kunna bidiyo na rabin awa a gaban mai shago, a ga kashi nawa ya tafi.

Masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa a 1970, inda ya buga misali da tsofaffin motoci. Idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, daga nan sai mai kaya nagari ya janye, kasuwa ta zama ta masu jabu. Haka abin yake a cinikin batir. Akwai na kamfanin da ya ƙera kwamfutar, akwai na wasu kamfanoni da ake ƙerawa domin ya dace da ita, wanda a cikinsa akwai nagari akwai na banza, akwai kuma wanda aka fasa tsohon kwanso aka cusa masa ƙwayoyin da aka tsinto daga matattun batura, aka manne. Dukkansu kamanni ɗaya gare su a kan kanta. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙaddamar da shirin SONCAP a 2005 domin tantance kaya kafin a shigo da su, hukumar FCCPC kuma na karɓar koken masu saye, amma babu koken da ke tafiya ba tare da rasiɗi ba. Rasiɗin da aka rubuta lambar batirin da tsawon garanti a jikinsa shi ne makamin mai saye na farko, kuma ɗan kasuwar da ya yarda ya rubuta wata uku ko shida ya riga ya faɗi wani abu game da kayansa.

Daga nan sai maganar yau da kullum, inda a nan ne mafi yawan asarar take. Ƙarfin batirin matsakaiciyar kwamfuta, wanda ake rubutawa a jikinsa tare da haruffan Wh, yakan kama daga 40 zuwa 60. A ɗauki 50. Wannan kashi ɗaya ne cikin ashirin na yunit guda na mita. Ko da a farashin rukunin A, wanda NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a watan Afrilu na 2024 kafin ya tsaya a naira 209.5 a watan Yuli na shekarar, cika shi daga ƙasa har sama bai kai naira 15 ba, har da wutar da ke salwanta a caja. Shi kuwa batirin kansa, idan an saye shi naira 30,000 ya kuma yi zagaye 500 kafin ya gaji, kowane zagaye ya ci naira 60. Idan mugun riƙo ya kashe shi a zagaye 200, kowane ɗaya ya koma naira 150. Wato kuɗin wutar ƙalilan ne, abin da ke cin aljihu shi ne tsufan ma'ajin, kuma da yake ba a biyansa kullum sai rana ɗaya a dunƙule, mutane ba sa sa shi a lissafi.

Zagaye ɗaya na nufin amfani da kashi ɗari na ƙarfin batir, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Wanda ya sha rabi yau ya cika, ya sha rabi gobe ya cika, zagaye ɗaya ya yi. Baturan kwamfutoci da yawa an ƙera su ne su yi zagaye 300 zuwa 500, kamfanin Apple kuwa ya ce akasarin kwamfutocinsa na zamani na kai 1,000 suna riƙe da kimanin kashi 80 na ƙarfinsu. Batirin litiyam ya fi son a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan a kan a bar shi ya ƙare. Saboda haka ko wutar rabin awa aka kawo, ta cancanci a jona, balle ma da yake caji yana gudu ne daga ƙasa zuwa wajen kashi 80, sa'an nan ya riƙa jan ƙafa. Saukar da shi zuwa sifiri a kai a kai, wanda shi ne rabin tsohuwar shawara na biyu, yana gajiyar da ƙwayoyin. Wanda ya saba rufe kwamfuta idan ta kai kashi 20 ya fi wanda ke jira sai allo ya yi baƙi cin moriyar kuɗinsa.

Akwai kuma wata al'ada da ƙarancin wuta ya haifar, wato cajin wayoyi a jikin kwamfuta. Wayar da batirinta ya kai 5,000 a ma'aunin wayoyi na shanye fiye da kashi ɗaya cikin uku na batirin da aka buga misali da shi. A ɗakin ɗalibai huɗu, mai kwamfuta na iya ƙarar da zagaye guda a dare ɗaya ba tare da ya rubuta ko layi ɗaya ba. Zumunci ne, amma da kuɗinsa.

Babban abokin gabar batir a Keffi shi ne zafi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana kan kai digiri 35 har ya zarce, a ɗakin kwano marar silin kuwa abin ya fi haka. Apple ya ƙayyade digiri 10 zuwa 35 a matsayin yanayin da ya dace da kwamfutocinsa, ya kuma yi gargaɗin cewa abin da ya haura 35 na iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. Wani ƙiyasi da kamfanin Cadex na Kanada, mai ƙera na'urorin gwajin batura, ya wallafa ya nuna girman al'amarin. Batirin da aka ajiye shekara guda a digiri 25 da cajin kashi 40 yana riƙe kimanin kashi 96 na ƙarfinsa. Idan a cike aka ajiye shi, sai ya sauka zuwa 80. Idan kuwa a cike yake kuma a digiri 40, kashi 65 ne ke saura. Sulusin jari ya tafi ke nan ba tare da an yi aikin komai da shi ba.

Ba kowa ke da halin sanyaya ɗaki ba, amma yawancin zafin da ke kashe batir daga cikin kwamfutar yake fitowa. Galibinsu ta ƙasa suke shaƙar iska, kuma ɗora su a kan katifa ko filo ko bargo, wanda shi ne teburin ɗalibai da yawa, yana toshe ƙofofin. Faranti, ko guntun katako, ko ma murafen kwalba huɗu a ƙarƙashin kusurwoyi sun isa su buɗe hanya. Ƙurar hunturu kan taru a fanka ta zama kamar auduga, saboda haka kai kwamfuta wurin mai gyara a hure ta sau ɗaya a shekara, kafin bazara ta shigo, ya fi sayen batir araha nesa ba kusa ba. Sauran ababen kiyayewa sanannu ne: caji a cikin jaka, barin ta a motar da aka ajiye a rana, da haɗa caji da aiki mai nauyi da tsakar rana. Inda akwai zaɓi, cajin dare ko na asuba ya fi.

Da yake cika fal na ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsufar da batir, manyan kamfanoni sun ƙirƙiro hanyar tsayar da caji kafin ya kai ƙarshe. Lenovo na da ita a manhajar Vantage, ASUS na ba da zaɓin tsayawa a kashi 60 ko 80, Dell da HP suna da tasu, Apple kuma ya shigo da tsarin kula da lafiyar batir a 2020. Shawarar da ake yawan bayarwa a ƙasashen waje ita ce a riƙe batir tsakanin kashi 20 da 80. A kimiyyance daidai ne. Amma an tsara ta ne domin mutumin da ya san soket na jiransa duk inda ya je.

A nan dole mutum ya duba irin wutarsa. Mai shagon buga takardu da ke wuni a kan sola ko janareta, da ma'aikacin da kwamfutarsa ke jone daga safe zuwa yamma, su ne ya kamata su kunna wannan tsari, domin batirinsu a cike yake zaune cikin zafi ba tare da ana buƙatarsa ba, kuma su ne suka fi ganin kumburi. Ɗalibin da wuta ke zuwa masa da ƙarfe biyun dare ta ɗauke kafin asuba kuwa, lissafinsa daban ne. Kashi 20 ɗin da zai bari yana iya zama awa guda ta aiki, kuma idan rashin wannan awa zai kai shi biyan kuɗin caji a shago ko tayar da janareta, to an gudu ba a tsira ba. Ya cika batirinsa, tunda zai sauke shi cikin 'yan awoyi, kuma zaman cikar ne mai tsawo ke yin lahani. In dai sai an zaɓi ɗaya, gara ya kiyaye gefen ƙasa.

Ita ma caja tana da nata rabon. Ta asali an rubuta a jikinta cewa tana karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda haka wutar da ta ɗan yi ƙasa ba ta cika damunta ba. Haɗarin yana lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, da lokacin tsawa a damina, da sa'ar da janareta ke tashi ko yake shure-shuren ƙarewar mai. Zare caja da zarar an ɗauke wuta, da jinkirta mayar da ita na 'yan mintoci bayan an kawo, ba sa cin ko kwabo. Wajen sayen wata cajar, dole bolt ɗinta ya yi daidai da na kwamfutar, wanda galibi 19.5 ne ga HP da Dell, 20 kuma ga Lenovo, ƙarfinta na wat kuma kada ya gaza na asali. Cajar jabu sau da yawa ba ta da nauyi a hannu, domin an tsame kayan kariya daga cikinta, kuma araha ba ta ado: idan ta tashi tafiya takan tafi da allon kwamfutar.

Ajiya mai tsawo ita ma tana kashe batura da dama. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma kwamfutar da aka kulle a akwati da ragowar kashi biyar a irin wannan lokaci za ta ci gaba da zubar da wuta a hankali har ƙwayoyinta su sauka ƙasa da iyaka, daga nan allon tsaro ya kulle batirin ya ƙi karɓar caji. Mai barin kwamfuta na makonni ya bar ta da rabin caji, ya kashe ta ɗungurungum ba ya rufe murfi kawai ba, ya ajiye ta inda ya fi sanyi a ɗakin, kuma a duba ta bayan kowane wata biyu ko uku.

Idan wurin taɓawa na kwamfuta ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya ƙi zama daidai, to batirin ya kumbura da iskar da ruɓewar sinadaransa ke haifarwa. Ba a danna shi, ba a huda shi, ba a kuma ci gaba da yi masa caji. Wutar litiyam ba abar wasa ba ce, domin ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana: a watan Agusta na 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin gobara. Mataccen batir ba na bola ba ne, musamman da yake ƙona shara al'ada ce a unguwanni da yawa. Ƙa'idojin da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2011 sun ɗora alhakin tattara sharar kayan lantarki a kan masu ƙerawa da masu shigowa da su, abin da ya fi sauƙi ga mai gida kuma shi ne ya manne bakin batirin da salatif ya mayar wa mai gyara.

Ƙarfen da ke cikin wannan mataccen batir, a ƙasar Jihar Nasarawa ma ana haƙo irinsa. A watan Mayu na 2024 aka ƙaddamar da masana'antar sarrafa litiyam ta kamfanin Avatar na 'yan kasuwar Sin a jihar, wadda aka bayyana cewa tana iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana, inda Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya wakilci Shugaba Bola Tinubu. Aikin irin wannan masana'anta shi ne niƙa dutse da tace shi. Matakan da suka fi riba, wato mayar da shi sinadarin batir da ƙera ƙwayoyin, akasarinsu a Sin ake yin su, ƙasar da ke ƙera fiye da kashi uku cikin huɗu na baturan litiyam na duniya. Litiyam ɗin da ke cikin batirin kwamfuta guda bai kai giram goma ba. Sauran kuɗin da mai saye ke ƙirgawa a shagon Keffi na wasu ƙarafa ne, da aikin masana'anta, da jirgin ruwa, da kwastan, da canjin dala.